Kunun Masu Ludayi

Ku matso, ku gyara zama, ku ba ni aron kunnuwanku, ni kuwa in ba ku abin da ƙafafuna suka auno. Ni ne Tunau ɗan Korau, masaƙin tabarma, mutumin ƙauyen Gangare a ƙasar Tudun Toka, can bayan koguna bakwai inda fataken nan ba su taɓa kai jakunansu ba. Na yi tafiyar kwana arba'in neman ilmi guda ɗaya, na sha wuya, na kuma sa wani bawan Allah ya sha wadda ta fi tawa. Yanzu da furfura ta cinye kaina ba na jin kunyar faɗa.

A ƙasarmu akwai waɗanda ake kira 'yan garwashi. Da wuta ake haihuwarsu a cikin jini. Suna iya kunna itace da tafin hannu, wuta ba ta ƙona su, amma fatarsu ba ta san zafi ba, ba ta san sanyi ba. Ruwan randa da ruwan da ke tafasa duk ɗaya ne a wurinsu. Tun zamanin kakanni, da wasu biyu daga cikinsu suka yi faɗa suka ƙone babban birnin Sambara a yini guda, aka kafa doka: duk ɗan garwashin da aka kama, a ɗora shi a kwalekwale ba sandar tuƙi, a tura shi Tafkin Shiru. Ba wanda ya taɓa dawowa ya ce ga abin da ke can.

Masu kamun su ake kira Masu Ludayi, don makaminsu kunu ne. Duk yaron da ya cika shekara bakwai, da duk baƙon da zai shiga birni, sai a miƙa masa ƙoƙon kunu. Mutum irin kowa zai ji zafi ya hura. Ɗan garwashi kuwa sai ya kafa kai ya shanye.

Ni ɗan garwashi ne. Uwata ce ta koya mini in hura sau uku in yamutsa fuska, da haka na tsallake. Ita ce kuma ta zaɓa mini saƙar tabarma, wai sana'ar da ta fi nisa da wuta, ta manta babu abin da ya kai busasshiyar kaba son kamawa. Na girma ina zargin kowa. Ba na cin abinci da mutane, ko da matata Hakama. Ita kuwa mace ce mai surutu da kwano: in ta ajiye tuwo sai ta ce, "Da zafi, a dakata," in ta kawo fura ta ce, "Wannan ta yi sanyi." Na ɗauke shi surutun mata, na riƙe asirina shekara tara.

Ran nan da hantsi na shigo gida, na tarar da 'yarmu Ladidi, mai shekara shida, zaune gaban murhu tana jera garwashi a cinyarta tana yi musu waƙa. Hakama na tsaye a kanta da muciya a hannu. Ba ta yi ihu ba. Ta kwashe garwashin da kasko, ta dube ni ta ce, "Malam, da kaka za ta cika bakwai."

Na san abin da take nufi. Dabarar uwata ta riga ta mutu. Masu Ludayi sun yi wayo: yanzu wani lokaci kunun da zafi, wani lokaci da sanyi, kuma sukan malala man ja a kai don ya danne tururi. Wanda ya shanye mai zafi ya tonu, wanda ya hura mai sanyi ma ya tonu. Na taɓa jin ana raɗe-raɗin wata tsohuwa a sabuwar Sambara da ta san yadda ɗan garwashi zai bambance zafi da sanyi. Washegari na naɗe tabarmi goma sha biyu na ɗora a kai, na kama hanya, wata uku kafin kaka.

A kwana na tara na iso Dajin Maimaici. Itatuwan dajin nan ba su da riƙon amana. Duk abin da aka faɗa a ƙarƙashinsu sai su riƙe shi kwana uku suna maimaita wa duk mai wucewa, da muryar mai maganar. Na jefa tsakuwa a baki don kada ko tari ya kuɓuce mini. Ina tafe ina jin asirin mutane na zubowa daga rassa: wannan na zagin surukinsa, waccan na faɗin inda ta binne awarwaronta. Har na fara jin daɗin gulmar, sai wata tsamiya ta buɗe baki da muryar namiji mai kauri ta ce, "Ka ga mai tabarmin nan na zangon jiya? Da safe ya taka tokar murhu ba takalmi, ko gezau bai yi ba. Mu jira shi a bakin daji."

Na tuna murhun, na tuna na bi ta kansa ina ɗaura kaya. Komawa ba hanya ba ce, Ladidi na jira. Na haɗiye tsoro, saura kaɗan in haɗiye tsakuwar tare da shi.

A bakin dajin na tarar da mutum guda da jaki guda. Ƙato ne mai gemu, buhunan barkono a kan jakin, hancinsa ja wur saboda atishawa. Ya ce, "Sannu da fitowa, ɗan'uwa. Sunana Shekarau. Sambara za ka? Mu haɗa hanya, ta fi daɗi da abokin hira."

Muryar tsamiya ce, ba ko tantama. Na ce, "Kai da wa kuke tafiya?"

Ya shafa wuyan jakin ya ce, "Ni da wannan. Shi kaɗai ke jure surutuna."

Na yi lissafi a zuci: in na ƙi shi, zai riga ni zuwa ya kai rahoto. In na bi shi, idona na kansa. Na ce to. Muka tafi, ni ina kallonsa ta wutsiyar ido, shi yana ta zuba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne cin abincinsa. In ya dafa dambu sai ya riga ni kai hannu, ya ce da ƙarfi, "Kai! Wannan zai sale harshe!" In ruwa ne ya ce, "Ah, sanyi har haƙori." Sai ya miƙo mini yana kallona. Na ce a raina, wato gwada ni kake, ɗan leƙen asiri. Nakan ce na ƙoshi, in koma bayan jaki in ci ƙuli-ƙulina.

A kwana na ashirin da shida muka hau Dutsen Ƙanƙara, inda ruwa ke daskarewa a cikin gora, tsuntsu in ya yi kuka sai kukan ya faɗo ƙasa ya fashe. Ni dai kallo nake, ina tafe da 'yar taguwata kamar mai zuwa kasuwa. Muna shan wata kwana sai ga Masu Ludayi huɗu suna gangarowa, kowanne da ludayin baƙin ƙarfe rataye a wuya, sun duƙunƙune cikin barguna. Kafin in ankara Shekarau ya fizge bargonsa ya lulluɓa mini, ya rungume kafaɗata yana girgiza ni da ƙarfi.

Ya ce musu, "Ranku ya daɗe, ku duba mini wannan sakarai! Ya hau dutse ba bargo, ga shi haƙoransa za su zube."

Sai a lokacin na tuna mutane na rawar sanyi. Na shiga kaɗa haƙora har na ciji harshe. Suka yi dariya suka wuce.

Bai karɓi bargon ba, wai wasu na iya biyo baya. Kafin la'asar leɓunansa sun yi baƙi, ya fara tangaɗi, can ya zube gefen hanya. Na tsaya a kansa. Wallahi sai da zuciyata ta ce mini in bar shi nan, asirina ya mutu tare da shi. Ban san abin da ya hana ni ba, watakila jakin ne da ya tsura mini ido. Na zaga bayan wani dutse, na ɗebi duwatsu uku na matse su a tafin hannu har suka fara hayaƙi, na naɗe su a tsumma na cusa masa a ƙirji da ƙafafu. Da ya farfaɗo na ce, "Wata maɓuɓɓuga mai zafi na samu a can baya."

Ya dube ni, ya dubi dutsen da ko ɗigon ruwa babu a kansa, ya ce, "Allah ya yi wa maɓuɓɓugar albarka."

Maimakon hankalina ya kwanta sai ya ƙara tashi. Da zato yake, yanzu yana da shaida. Na ce lallai yana tattalina ne don ya kai ni ƙofar birni da raina, a yaba masa a gaban manya.

Rana ta arba'in da hantsi muka iso Sambara. Ganuwarta baƙa ce, da ƙonannen tubalin tsohon birni aka gina ta don kada kowa ya manta. A ƙofa akwai zaure, a nan ake shan kunu. Ƙa'idarsu ita ce tukunya ɗaya ga kowane ayari, a shiga ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya sha ya faɗa wa na baya yadda kunun yake, bulala ashirin. Mai tsaron ƙa'idar shi ne Sarkin Ƙofa Mantau, siririn mutum mai idon da ba ya ƙiftawa. Mai miƙa ƙoƙon kuwa wata tsohuwa ce, Inna Dela, shugabar Masu Ludayi. An ce ita ce ta ƙirƙiro kunun sanyi. Na ƙi jininta tun kafin in ga fuskarta.

Shekarau ya fara shiga. Da ya fito, ya goge gemu, ya bi ta gabana yana gunaguni da ƙarfi: "Wannan wane irin karɓar baƙi ne? Kunu kamar ya kwana a randa!"

Aka kira ni. Tsakanin bakin zaure da tabarmar zama taku bakwai ne, a cikinsu na yi shari'a na yanke hukunci. Mutumin da ya san akwai bulala ashirin, zai ɗauke ta saboda baƙon da ya tsinta a daji? Ƙarya ne. Bakinsa ɗaya da su. Kunun da zafi, so yake in kafa kai. Tsohuwa ta miƙo ƙoƙo, man ja na sheƙi a kai. Na karɓa, na hura sau uku yadda uwata ta koya mini, na yamutsa fuska.

Mantau ya taso a hankali, ya tsoma yatsa a kunun, ya ɗaga ya nuna wa dogarai. Ya ce, "Sanyi ƙalau. A kira masu kwalekwale."

Ban ji tsoron tafkin ba a lokacin. Ladidi na gani, zaune da ƙoƙo a hannu, ba wanda ya dawo ya gaya mata komai.

Sai Inna Dela ta buga ludayinta a ƙasa. Ta ce, "Sarkin Ƙofa, ba a gabana ba. Gwajin nan ya ɓaci. Kana ji wancan mai bakin ganga ya yi magana a ƙofa. Baƙauye ya ji an ce sanyi, ya ɗauka tsokana ce, ya rikice. Doka ta ce gwajin da aka yi wa magana a sake shi, mai maganar a ba shi haƙƙinsa."

Mantau ya ce, "Gaskiya ne, Inna. A kwantar da mai barkono. Amma wannan karon ni zan zaɓi tukunya."

Ina zaune ina jin saukar bulala a waje, ina ƙirgawa ba da sona ba. Shekarau bai yi kuka ba, atishawa kawai yake yi tsakanin bulala da bulala. Mantau ya shiga bayan labule ya zuba da kansa, ya malala mai, ya ce tsohuwa ta kai. Ta taho tana ɗingishi tana mita: "Tsufa ba daɗi. Dubi hannuna, ɗan nan, ko ƙoƙo ba ya iya riƙewa."

Na duba. Ɗazu a tafin hannu ta ɗauko shi, ta tallabe gindinsa. Yanzu da kan yatsu ta kama bakinsa, tana sauya hannu, tana saurin ta rabu da shi. Na karɓa da kan yatsu ni ma, na hura, na kurɓa kaɗan, na ja iska ta haƙora. Mantau ya tsoma yatsa, ya fizge shi da sauri ya sa a baki. Ya ce in wuce, amma idonsa bai bar hannun tsohuwar ba.

Da azahar na sami Shekarau a wani gida bayan marina, kwance rub da ciki. Mai shafa masa man kaɗanya a baya kuwa Inna Dela ce. Na tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa ni.

Shekarau ya ce, "Shigo, mai maɓuɓɓuga. Ga tsohuwar da kake nema. Uwata ce."

Na durƙusa. Na ce, "Inna, ke ce kika ƙirƙiro kunun sanyi."

Ta ce, "Ni ce. Ina taƙama da shi kuwa a lokacin. Shekarar farko, yaro na huɗu da ya hura shi a gabana ɗana ne, ƙanin wannan. Ubansa ya koya masa hurawa a ɓoye, ba su gaya mini ba, suna tsorona. Da hannuna na miƙa masa." Ta ci gaba da shafa man, ba ta ɗago ba. "In na ajiye ludayin, wani zai ɗauka wanda bai rasa kowa ba. Shi ya sa nake riƙe da shi. Wannan kuma yana yawo da barkono yana tsinto mini irinku a hanya."

Na ce, "To ki ba ni maganin, Inna. 'Yata za ta sha da kaka."

Ta ce, "Wane magani? Fatarku ba za ta taɓa ji ba. Amma kuna zaune cikin mutanen da tasu ke ji, kuma ba su iya ɓoyewa. Kada ta dubi kunun, ta dubi mai kawo shi. Kai da ka yi wata guda ɗana yana faɗa maka zafi da sanyi, me ka yi da shi?"

Na shimfiɗa wa Shekarau tabarmar da ta fi kowace laushi, na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, amma in na ƙara hawa dutse in sayi bargona.

Na iso gida saura kwana shida. Hakama ta karɓi aikin daga hannuna, don ni ba abin da zan iya nunawa. Safe da yamma tana kawo wa Ladidi ƙoƙo, yarinya na kallon yatsunta tana faɗa, har ta daina kuskure.

Ranar gwaji aka taru a dandali da hantsi. Wanda ya zo yin gwajin kuwa Mantau ne da kansa. Ashe tun ranar nan yake zargin hannu. Ya sa an ɗora ƙoƙon a kan faifai, ya ɗauko faifan ta gefe, ba yatsan da ya taɓa ƙoƙo. Yara uku suka sha suka wuce, kowanne da tukunyar da aka zaɓa masa a bayan zana. Aka kira Ladidi. Ta zauna, ta dubi hannunsa, ba abin gani. Ta dubi man da ke kwance lumui. Na ji tafin hannuna ya fara ɗaukar wuta, na san in aka taɓa ta zan ƙone dandalin nan, in tabbatar musu da duk abin da suke tsoro. Hakama ta damƙe hannuna. Na san yana ƙona ta, ba ta saki ba.

Sai yarinyar ta sunkuyar da kai, ta ce da 'yar muryarta, "Baba, bismilla. Innata ta hana ni sha kafin babba."

Tsofaffin dandali suka ɗauki murna: "Kai, 'yar Hakama akwai tarbiyya!" Wata ta ce, "Sarkin Ƙofa, ai ba a mayar da tayin yaro." Mantau ya waiga, ya ga idanu ɗari a kansa. Ya kai hannu don ya ɗan taɓa leɓe ya fita kunya. Yatsunsa na kama ƙoƙon ya ja iska, ya koma bakin-bakinsa, kuma kafin ya tuna ko shi wane ne, ya hura.

Ladidi ta karɓa da kan yatsu, ta hura sau uku, ta kurɓa, ta ce, "Wash!" Mantau ya daɗe yana kallonta. Can ya ce, "Na gaba."

Da la'asar Hakama ta tuƙa tuwo, hannunta na dama naɗe da tsumma. Na ɗauko tabarmata daga inda na saba zama ni kaɗai, na shimfiɗa kusa da su. Ta ajiye kwano, ta taɓa malmalar da bayan yatsa, ta ce, "Da zafi, a dakata."

Na ɗago na dube ta. Maganar da take yi ke nan kullum, tun kafin a haifi Ladidi, tun muna mu biyu a gidan.

Na ce, "Hakama, tun yaushe?"

Ta ce, "Tun ranar da aka kawo ni, da ka sauke tukunya daga murhu ba tsumma. Ina ta jira ka gaya mini da bakinka."

Na yi kuka a gaban 'yata, ban ɓoye ba. Muka zauna mu uku muna kallon tuwon, har ta sake taɓawa ta ce ya huce, sannan muka sa hannu.

Iyakar abin da ƙafafuna suka auno ke nan. Ku mayar da kunnuwanku, na gode da aro.